Baban da Likita Yake Nufi

Ginin rijiya nake yi tun ina saurayi. A Rawayau na koya, a hannun mutumin da ya raine ni, kuma daga nan har ƙauyukan bayan Dutsin-Ma na shiga ƙasa a wurare da yawa. Aikin ba shi da wuyar ganewa. Ka sauka da diga, ka sara, na sama su ja ƙasar da igiya. In za ka fito, ka hau ta ramukan da ka fafe a jikin bango, ƙafa nan, ƙafa can. Ba mai hawa maka.

Ina da shekara arba'in ko kusa da haka, lokacin ba a ba Katsina jiha ba, ƙirjina ya fara riƙewa. Ba a ƙasa yake kama ni ba, sai na zo tsakiyar hawa. Nauyi ya danne ni a tsakiyar ƙirji, ya bi kafaɗar hagu, gumi ya keto. Sai in manne da bango in jira ya sake ni. Wanda abin ya kama a gona zama zai yi. Ni ba wurin zama, zurfin gaba goma ne a ƙarƙashina.

Na sha jiƙo wata biyu, bai yi ba. Ranar kasuwar Dutsin-Ma na shiga asibiti. Wanda ya duba ni Kirista ne daga kudancin Zariya, gajere, Hausa a bakinsa kamar tamu. Malamin asibiti ne, amma likita muke ce masa. Ya ɗaura min abin awon jini a damtse, ya saurari ƙirjina, sannan ya ɗauki biro.

"Malam, babanka yana da rai?"

"Yana nan."

"Tsoho ne sosai?"

"Haƙora sun zube. Amma har yau shi ke noma geronsa."

"Bai taɓa kukan ƙirji ba?"

"Kukan tuwo ya yi kaɗan dai yake yi."

Ya yi dariya. "A gidanku fa, ba wanda ya taɓa faɗuwa haka kawai ya cika?"

Na ce babu. Ya ce jinina ya ɗan hau, amma wanda ya fito daga gida irin wannan bai cika tsoron zuciya ba, ƙila ciki ne ke turo zafi sama. Ya ba ni wani farin magani na ruwa, ya ce in dawo bayan wata guda.

Ban yi masa ƙarya ba. Ni ɗan fari ne. A wurinmu ɗan fari ba ya zama gaban iyayensa, kunya ce. Ana yaye ni aka ɗauke ni daga Kurfi aka kai ni Rawayau, gidan yayan mahaifiyata. Shi na buɗe ido na gani, shi na kira Baba. Wanda ya haife ni ya rasu ina ƙarami, kamanninsa ma ba na iya kawowa. In aka ce babanka, ba shi ke zo min a rai ba.

Na shanye maganin, ƙirji bai fasa ba. Da wata ya cika, idon Baba yana ta ruwa, sai na ce mu tafi tare a duba shi. Muna shiga likitan ya miƙe.

"Sannu Baba. Kai ne mai ƙarfin nan? Ɗanka ya ba ni labarinka. Ka ba shi jini mai kyau."

Baba ya dube ni, ya dube shi. "Tuwo dai na ba shi. Ni kawunsa ne, uwarsa ƙanwata ce. Ubansa ai ya daɗe a ƙasa."

Likitan ya ajiye biro. "Me ya kashe shi?"

"Kwana ya ƙare."

"Na sani, Baba. Ta yaya ya ƙare?"

"Faɗuwa ya yi, aka ce. Ba na wurin."

Ya juyo kaina. "Malam, na tambaye ka babanka."

"Ga shi nan zaune."

Ya ce a garinsu ma haka suke yi, shi ya kamata ya ce wanda ya haife ka. Ya ce akwai ciwon zuciya mai bin jini, kamar yadda tsawo da hanci suke bi. Kawu jinina ne ta wajen uwa, wannan gefen ya gani, lafiya lau. Ɗaya gefen yake so. In je in samo masa mazan gidan ubana, waɗanda suka mutu, da yadda kowanne ya mutu, da ko ya tsufa.

Mutum ɗaya ta rage da ta san wannan, mahaifiyata. Ita kuwa tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa yi min magana ido da ido ba. In na je gaishe ta, amsawa take tana kallon wani wuri, in tashi in tafi.

Na je Kurfi da hantsi. Na same ta tana tsince wake a faifai, ƙanwata tana gefe tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta. Maimakon in tashi, sai na zauna.

Ta ce wa ƙanwata, "Wancan lafiya ya zauna?"

Na faɗa wa ƙanwata abin da likita ya ce, da ƙarfi, yadda za a ji. Ƙanwata ta buɗe baki za ta maimaita.

"Ina da kunne," in ji tsohuwar. Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Ki ce masa mai gidan nan daga kasuwa ya dawo. Ya sauke kaya a zaure, ya dafe ƙirji, ya ce a ba shi ruwa. Kafin in kawo an gama. Yayansa a sujada ya tafi, sallar la'asar. Ƙaramin nasu a gona, da fartanya a hannu. Uban nasu ban same shi ba, amma an ce daga kan jaki ya zamo. Ba wanda ya aurar da ɗa a cikinsu. Mutane suka ce jifa ne, aka yi ta turare a gidan nan har bango ya yi baƙi."

"Inna, ba ki taɓa faɗa mana ba," in ji ƙanwata.

"Wa ya tambaye ni?" Ta kaɗa faifan. "Ki tambaye shi, hannun hagu yana yi masa nauyi?"

Na ce yana yi.

Hannunta ya tsaya a cikin waken. "To ki ce masa ya fita daga ramin nan."

Washegari na kai wa likita mutum huɗu. Ya rubuta su. Na ce to, yaushe ne nawa? Ya ce ranar ba ya saninta, ba mai saninta sai Allah, shi hanyar da gidanmu ke bi kawai ya gani, kuma ana iya rage gudu. Ya ba ni takarda zuwa babban asibiti a Katsina. Can suka ƙara dubawa, suka ba ni ƙwayoyi, har da wata ƙarama ta sawa ƙarƙashin harshe in abin ya taso. Suka hana ni taba, suka hana ni kitse da man shanu, gishiri kaɗan. Shiga rijiya kuwa, a bar shi.

Tabar ce ta ba ni wuya. Rijiya ban yi gardama ba. Na koma sama, ni ke zaɓen wuri, ni ke duba bango, ni ke kula da igiya. Abokan aiki suka samu abin faɗa.

"Sarkin ƙasa ya zama sarkin inuwa."

"Likita ya ce in ya sauka aljanar rijiya za ta aure shi."

Na ce su ja igiya. Ban yi musu bayani ba. Wanda bai ji nauyin nan a tsakiyar bango ba, ba zai gane ba.

Shekara ta shida da komawata sama, muna gina wata rijiya a wani ƙauye kusa da hanyar Kurfi, abin ya zo da gaske. Ina tsaye a baki ina duba kwandon ƙasa. Ya danne ni kamar an ɗora min turmi. Na zauna, na jingina da tarin ƙasa, na sa ƙwayar ƙarƙashin harshe. Na ce wa na kusa da ni su fito da na ciki tukuna, sannan su kai ni titi. Haka suka yi. Suka ɗauke ni a kan ƙyauren wani gida, suka tare motar da ta fito daga Kurfi. Kafin azahar ina kan gado a Dutsin-Ma, daga nan aka wuce da ni Katsina.

Ranar rijiyar ta kai gaba goma sha biyu. Da ina ciki, gawa za su jawo.

Na yi sati uku a kwance. Da na fito na tarar sun gama rijiyar ba tare da ni ba, har an yi mata baki. Na je na sa guga da kaina, na ja a hankali. Ruwan da ɗan zartsi, amma yana shawuwa.