Hujin Ƙarshe a Maɗaurin Takalmi

Tun yana saurayi yake zaune a rumfar nan ta bakin titi, tsakanin mai faci da mai wankin hula, yana ɗinke takalman jama'a. Har sunansa ya ɓace, kowa sai dai Mai Basilla. Mutum ne da ba ya kallon fuskarka, ƙafarka yake kallo. Amma tasa ƙafar, sai da matarsa ta nuna masa.

"Malam, ƙafar nan fa ta kumbura. Kuma kullum ka fito bayan gida sai in tarar da kumfa kamar an zuba sabulu."

A asibiti likita ta ce garkuwar jikinsa ce ta juyo tana yaƙar ƙodarsa. Babu maganin da zai tsige ciwon, sai dai a lallaɓa ƙodar: ƙwayar hawan jini kullum, wata ta rage ruwan jiki, a janye gishiri, a daina sayen maganin ciwon baya a kemis. In an yi sa'a za a daɗe ba a kai ga injin wankin ƙoda ba. Injin nan shi ne abin gudu, don wanda ke kwana uku a mako jikin inji, rumfarsa ta zama ta wani.

Ya ce to. Bai yi kuka ba, bai yi tambaya ba. Shi kansa ya yi mamakin yadda bai ji komai ba.

Bai taɓa tsallake ƙwaya ba. Miyar gida ta koma salam, yara suna tura baki, shi yana haɗiya kamar magani. Mai faci yana tsokanarsa wai ya zama jariri, ya ce haka ne. Ciwon bayan nan kuwa na masu zaman benci ya dinga cinsa, ya daure, bai leƙa kemis ba.

Takalminsa mai maɗauri ne, shi ya ɗinka abinsa. Da shi yake gane inda aka kwana. In ƙafa ta tashi, ya sa basilla ya ƙara huji. Akwai shekarar da kumburi ya saɓe har ya koma hujin farko, matarsa ta yi ta murna, shi ya ce Allah ya sa. Daga nan hujin ya ci gaba da tafiya, a hankali, yana nufar bakin fata.

Wata safiya maɗaurin ya ƙi kamawa. Ya ja, ya ƙi. Ya ɗauko basilla ya duba, babu sauran fatar da za a huda.

Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa da ƙwayoyinsa.

"Ka ƙara masa fata mana, Malam. Ba aikinka ba ne?"

Ya karɓi ƙwayar ya haɗiye. Ya mayar da basilla cikin akwati, ya rufe.

"Ɗauko min silifas," in ji shi. "Ki sa mayafinki, asibiti za mu."