Minsharin Maigidana

Gidajen Nassarawa GRA suna da faɗi, ni kuwa na mori faɗin nan ta hanyar da ba ta dace ba. Maigidana mutum ne mai minshari, irin wanda ake ji har tsakar gida. Shekara uku da tarewarmu na kwashe kayana na koma ɗakin da ke ƙarshen baranda, na ce wa kowa sanyin bishiyar mangwaro nake bi. In ƙawayena sun zo, har kwaikwayonsa nake yi mu sha dariya.

Shi kuwa ƙiba sai ƙaruwa take, hawan jini ya ƙi sauka duk da ƙwayoyi iri uku. Ya tashi da ciwon kai, ya yi gyangyaɗi ana tsakiyar hira. Ni duk gishiri na ɗora wa laifi, na yi ta yi wa kuku faɗa.

Ranar da zuciyarsa ta fara bugawa barkatai muka tafi asibiti. Direbanmu, wani dattijo mutumin Jigawa, shi ya riƙo shi har gaban likita, sannan ya rakuɓe a bakin ƙofa.

Likita ya dube ni. "Hajiya, in yana barci numfashinsa yakan ɗauke?"

Rabona da jin barcinsa a kusa shekara tara.

"Yakan ɗauke, likita," in ji direba, kansa a ƙasa. "In mun taso daga ofis, kafin mu wuce Badawa ya yi barci. Sai minsharin ya tsaya cak kamar an shaƙe shi. Ni kuma in ɗan taɓa birki, ya zabura ya ja iska."

Likita ya ce maƙogwaro ne ke rufewa, iska ta ragu a jini, zuciya ta yi ta fama, jini ya hau. Mai yiwuwa abin da ya hana ƙwayoyin aiki ke nan. Sai ya juya wajen direba. "To Baba, me ya hana ka faɗa?"

Dattijon ya daɗe yana murza hularsa. "Na taɓa faɗa a gida."

Bai kalle ni ba. Amma na tuna. Shekara biyu da suka wuce ya durƙusa a ƙofar kicin yana kame-kame, ni kuwa na katse shi, na ce tuƙi aka ɗauke shi yi, ba sauraron barcin maigida ba. Kunya ta rufe ni har na ji mayafina ya yi min nauyi.

Bayan gwajin barci aka ba Alhaji na'urar da ke hura masa iska ta hanci, jinin ya sauka daidai gwargwado. Zuciyar dai likita ya ce ta riga ta taɓu, sai lallaɓawa. Na mayar da kayana ɗakinsa.

Direban har yau a durƙushe yake gaishe ni. Ni ce na kasa haɗa ido da shi.