Yaya Buba Ya Sumbaci Hannun Inna

Jama'a, yau na ga abin da ya fi ƙarfina.

Yayana Buba, wanda ya tafi Hajji a ƙafa tun muna samari, ya bi Turkawa ƙasarsu ya zauna, shi ne ya diro Ƙofar Wambai da hantsi. Na ce madalla, mai kama mini noma da jinyar Inna ya iso.

Muka shiga ɗakinta. Maimakon ya durƙusa daga bakin ƙofa, sai ya kama hannunta ya sumbata, ya ɗora a goshinsa. Ɗan fari fa, wanda ko sunansa ba ta faɗi! Inna ta fizge hannu ta juya ta fuskanci bango.

Ya ce, "Haka ake gaida uwa a can."

Na ce, "Nan Bauchi ne, Yaya."

Aka kawo tuwo, ya ɗan taɓa, yana ta labarin zaitun da teku. Na ce yaushe za mu gona? Wai ana gama bikin 'yancin kai zai koma, iyalinsa na can.

Inna ko waiwayowa ba ta yi ba ta ce, "Sule, shimfiɗa wa baƙonka tabarma a zaure."

Na shimfiɗa. Yaya zan yi?