Ranar da Kawu Abakar Ya Ce Hanya Ja Ce

Duk wanda ya san Kawu Abakar ya san ba ya gaida mutum sai ya gama gaida tayoyin motarsa. Za ka taso tun daga Gadarif, ka sauko ƙugu na ciwo, ka miƙa masa hannu, shi kuwa yana can durƙushe gindin taya yana murza taɓo tsakanin yatsu, yana shinshinawa kamar mai sayen turare. Sai ya gamsu zai ɗago ya ce, "To, ya hanya?" Lafiyarka da ta iyalinka sai daga baya, in ya tuna.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, shi ya koya mini tuƙi, don haka na fi kowa shan wannan wulaƙanci. Rayuwarsa kaf ya yi ta yana jan lori tsakanin Gadarif da Basunda da Mafaza, ya kai leburori manyan gonaki, ya kwaso dawa da riɗi. Kun san ƙasarmu da damina: baƙar laka in ta kama mota ba ta saki, ga khor, rafin nan da za ka ƙetare a bushe da safe, kafin azahar ya isa ya cinye raƙumi. Tun yana saurayi ya ga ruwa ya tafi da lori da mutane a ciki, alhali akwai wanda ya san ruwan na tafe, amma ba shi da yadda zai gaya musu. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai tun ranar: kada kowa ya sake fita bai san abin da ke gabansa ba.

Da ya tsufa 'ya'yansa suka kai shi umra. A Jidda ya shiga tasi, ya ga waya maƙale gaban direba, hanyoyi a zane, wasu kore wasu ja.

Ya tambayi direban, "Ya zol, bawan Allah, wa yake shafa musu launi?"

"Wayoyin mutane ne, ya hajj. Kowace mota tana faɗin inda take. In sun cushe hanya ta yi ja, na baya su sake wata."

Shi ke nan, Kawu ya kamu! Da ya dawo muka cika gida muna son jin labarin Makka. Ya ba mu a gurguje, ya zarce kan ja da kore har shayi ya huce. Matarsa Hajja Zainabu ta ce, "Mazan mutane na dawowa da zamzam da dabino, nawa ya dawo da cunkoson motoci a ka."

Muka buɗe taswirar a wayata muka duba. Hanyoyinmu na gona ko alamarsu babu, fili ne fetal. Na ɗauka zai karaya. Ina! Cewa ya yi, "Tamam. Mu za mu zama launin." Ya sa aka buɗe masa gurub a waya, ya zuba duk wani mai lori da boksi, wato a-kori-kura, da tarakta da ya sani. Dokarsa: duk wanda ya ƙetare khor ko ya ga laka, nan take ya aiko da murya, kore ko ja, ba ƙari. In kuma aka ce ja, ba mai motsi.

Wanda ya fara karya dokar surukinsa ne, Malam Idirisu mai tarakta, da ya tura gaisuwar Juma'a da hoton furanni. Kawu ya fitar da shi kafin a tashi masallaci. Malam ya zo har gida yana huci.

"Haba Alhaji! Addu'a fa na tura."

"Amin, na karɓa. Amma furannin nan a wace hanya suke? Ana wucewa ko ba a wucewa?"

Sai da Hajja ta sa baki aka mayar da shi.

To amma wanda ya kafa dokar gajerta magana, ku kuka san irin saƙonsa. A ƙauyenmu shabaka, wato sabis ɗin waya, ba ta kamawa sai a saman tsohuwar lorinsa da ta mutu a bayan gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Can yake hawa da la'asar, da jabanarsa ta gahawa, ya danna waya ya fara: "Jama'ar hanya, assalamu alaikum. Hadari ya taso daga wajen Habasha, ƙasansa baƙi, samansa fari kamar audugar da aka shiɓe. Riɗi ya yi fure. Iska na kawo ƙamshin ƙasa. Ga wasu tsuntsaye can sun yi layi, ban san inda za su ba..." Haka zai yi ta tafiya. Ran nan Attayib mai boksi yana tuƙi yana saurare, har ya ji barci-barci don daɗi. Daidai lokacin da motarsa ta nutse har gindi, muryar Kawu ta ce, "Af, na manta. Hanyar gonar kuka ja ce, kada a bi." Tun daga ranar muka koyi sauraren saƙonsa daga ƙarshe.

Wani abin kuma, ya yi imani wayarsa na kai rahotonsa can inda ake shafa launi, ko da ba ma gani. Don haka in zai hau karo, amalanken jaki, sai ya kashe ta. Na ce, "Kawu, don me?"

"Kai ba ka da hankali? Jakin nan tafiyar hawainiya yake. In suka ga ina jan ƙafa za su zaci hanya ta cushe, wani bawan Allah ya yi zagaye a banza. Ni ba zan yi wa Musulmi ƙarya da jaki ba."

Muna masa dariya, amma wallahi ina son zaman nan na saman lori. Rana na faɗuwa, gonaki shimfiɗe har inda ido ya gaji, shi kuma yana magana a hankali kamar ba da ni yake ba. "Usmanu, wata rana motocin da kansu za su riƙa gaisawa. Ta gaba ta ce wa ta baya, 'yar'uwa, akwai ruwa, dakata. Ita kuma ta gaya wa ta bayanta, har Gadarif. Direba yana ta gyangyaɗinsa, motoci na raɗa a tsakaninsu." Sai ya yi murmushi ya kurɓi gahawa.

Daminar bara ciwon ƙirji ya kama shi da hantsi. Na shimfiɗa masa katifa a bayan boksina, Hajja ta riƙe kansa, muka nufi asibitin Gadarif. Direbobi na ta aiko mana da murya, nan kore, can kore, muna gudu. Mun ƙetare babban khor ke nan, a hawan gaɓar can, laka ta riƙe mu. Na yi gaba, na yi baya, taya sai juyi take a wuri ɗaya. Na kira Malam Idirisu, wanda ke ƙetaren da muka baro, na ce ya taho da tarakta yanzu-yanzu. Ya ce ga shi nan, har da lorin leburori a bayansa, za su taya turi.

Kawu da ke kwance ya buɗe ido yana kallon gabas. Sama ta yi baƙi ƙirin can wajen duwatsu, ruwan khor ɗin kuma ya fara sauya launi, yana ɗauko karare. Ya ce in ba shi wayarsa. Na zaci 'ya'yansa zai kira.

"Jama'ar hanya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Babban khor ja ne. Kada wanda ya shiga. Idirisu, har da kai."

Na yi tsalle. "Kawu! Kai za a zo janyowa fa! In sun yi sauri za su wuce!"

"In ba su yi ba fa? Mutum nawa ne a lorin nan, ya waladi, ɗana?"

Na fizgi tawa wayar ina ihu su taho, kada su saurare shi. Ba wanda ya motsa. Muna hango su a can gaɓar, tarakta da lori, sun tsaya cak. Na zage su, Allah Ya yafe mini, na zagi Malam Idirisu da furfurarsa. Ban rufe baki ba ruwan ya iso, da ƙara, ɗauke da itace guda da saiwarsa, ya shafe mashigin gaba ɗaya.

Kawu ya saurari ƙarar, ya lumshe ido. Hajja ta gyara masa rawani, tana kuka tana masa faɗa a hankali, "Taurin kai har yau, Abakar?" Ya ce mata iska na da daɗi. Yayyafi ya fara sauka, na cire rigata na kare masa fuska. Kafin motar da muka kira daga Gadarif ta iso mu, ya yi shahada ya cika, a tsakiyar gonakin riɗi.

Leburorin nan duk sun zo jana'iza, wasunsu ko sunansa ba su sani ba kafin ranar. Har yau in na tuna ina jin haushinsa, ina kuma kewarsa ƙwarai.

Allah Ya jiƙan Kawu Abakar, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya tsaya wa bayinKa, ya Rabbi, Ka tsaya masa. Amin.