Ɗan Bita da rijiyar gidansu

Ɗan Bita muke ce masa, har sunan ya danne na gaskiya. Shi ke kula da sito a kamfanin fenti da ke ƙarshen layinsu, yana karɓar durom-durom yana fitar da gwangwanaye. Mutum ne siriri mai yawan murmushi, kullum da ɗigon fenti a gefen takalminsa. Allah ya jiƙansa.

Ga yadda sunan ya samo asali. Duk lokacin da aka gayyaci kamfanin taron bita kan kula da muhalli, manaja sai ya duba wanda in ya tafi aiki ba zai tsaya ba. Kullum shi ne. Da farko daɗin abin yake ji: ɗaki mai sanyi, kujera mai laushi, ga shayi. A can yake zama da ma'aikatan gwamnati da mutanen ƙungiyoyi da 'yan kasuwa, kowa da kati a wuya. Idan ya dawo sai ya ba mu labari muna dariya.

Wata rana ya dawo bai yi dariya ba. Malamar da ke koyarwa ta kawo akwatin gilashi cike da yashi, ta soka siririn bututu a gefe ɗaya ta ce wannan rijiya ce. Sai ta tsiyaya jan ruwa a ɗaya gefen. Suna kallo jan ya nutse, ya ratsa ta ƙarƙashin yashi a hankali, ya ɓullo cikin bututun. Kowa ya tafa, ban da shi.

Dalili kuwa, kwatar kamfaninsu ta bayan katangar gidansu take wucewa, kuma ba siminti a ƙasanta. Matan layin har wasa suke da ita: yau shuɗi ake yi, jiya kore ne. A tsakar gidan nan kuma akwai rijiyar da mahaifinsa ya haƙa tun kafin a haife shi. Ita gidan ke sha, ita maƙwabta ke ɗiba idan famfo ya ɗauke, kuma famfo ya fi ɗaukewa.

Yana shiga gida ya jefa guga, ya zuba ruwan a kofin gilashi, ya ɗaga shi saitin rana.

Matarsa ta ce, "Malam, lafiya? Ko kifi kake nema?"

"Kin taɓa jin ɗanɗanonsa ya sauya?"

"Tun da aka kawo ni gidan nan shi nake sha. Ga ni, ban zama shuɗiya ba."

Ya yi dariya don kada ta tsorata. Amma daga ranar bita ta zame masa wani abu daban. Gaba yake zama, ya yi ta tambaya har a gaji da shi. A nan ya gano maganin ba wani abin a zo a gani ba ne: a yi ramukan siminti cikin harabar kamfanin, ruwan wankin durom ya kwanta dattin ya zauna ƙasa, sannan a shafe kwatar da siminti. Ya san inda za a yi su ma, bayan sito, inda ake jibge tsofaffin katakai.

A wata bitar aka raba su wasan kwaikwayo. Shi aka ba shi manaja, wani duba-gari mai tumbi da suka saba zama tare aka ba shi mai ƙorafi. Duba-gari ya durƙusa yana cewa, "Ranka ya daɗe, rijiyata!" Ɗan Bita ya gyara zama, ya buga tebur ya ce, "Gobe a kawo siminti!" Ɗaki ya kwashe da tafi, wata 'yar ƙungiya ta ɗauki hoto. Ya ce mana a ransa ya ji kamar an riga an yi.

Manajan gaske ya saurare shi har ƙarshe, ba wulaƙanci.

"Ɗan Bita, wallahi ka burge ni. Ka ga amfanin tura ka ke nan."

"Yallaɓai, wurin ma yana nan, katakai kawai za a kwashe."

"Za mu duba. Bari masu kamfani su zo."

Masu kamfani suka zo suka tafi. Damina ta zo, kwata ta cika ta tumbatsa, ruwa mai launin lemo ya kwanta a gindin katangarsa. Sai ya nemi abokin wasan nasa a ofis. Duba-gari ya tarbe shi hannu biyu, ya ja masa kujera.

"Manaja da kansa! Ina simintin?"

"Wasa ya ƙare, ɗan'uwa. Ka zo ka gani da idonka."

Duba-gari ya shafa fuska. "Kana tsammanin me ya sa kullum kake ganina a can? Ni ma turo ni ake yi, irin naka. Masu sa hannu ba sa zuwa bita."

Ya zo dai, ya leƙa, ya toshe hanci, ya ce zai kai sama. Daga sama ba abin da ya sauko.

Matarsa kan tsokane shi idan ta ga yana goge rigar tafiya. "Kullum bita, kullum bita. Yara ma in sun yi bita jarrabawa suke shiga. Ku taku yaushe ce?"

"Tana tafe," in ji shi.

Da ta zo, a guga ta zo. Wata safiya matar ta ja ruwa, sai ga wani maiƙo a samansa yana walƙiya kala-kala, ga wari irin na sito. Ba ta yi wasa ba wannan karon. Ta ajiye gugan a gabansa ta koma ɗaki.

Shi da hannunsa ya rufe rijiyar. Ya ɗauko katakan nan na bayan sito, waɗanda ya so a kwashe don ramuka, ya jera su a bakinta, ya ɗora dutse. Maƙwabta suka ji haushi, wata tsohuwa ta ce boko ne ya taɓa shi, ruwan da ubansa ya sha ya mutu da haƙoransa. Ya zauna a kan katakan ya dafe kai, ya daɗe a haka.

Bai daina zuwa bita ba, wannan ne ke karya mana zuciya. Muka ce ya haƙura, ya ce wata rana mai sa hannu zai shigo ɗakin bisa kuskure, yana so ya same shi a ciki. Sai ƙafafunsa suka fara kumbura, takalmin nan mai ɗigon fenti ya daina shiga. Likita ya ce ƙoda ce. Matarsa ta tambaya ko ruwan ne. Likita ya ce ba zai iya cewa shi ne ba, ba zai iya cewa ba shi ba ne.

Ranar da ya rasu famfo ya ɗauke. Ruwan da aka yi masa wanka da shi daga wata unguwa aka turo shi a kura, aka wuce da jarkokin ta gefen rijiyar mahaifinsa. Manaja ya zo gaisuwa, ya ce an yi rashin mutum mai kishin muhalli.

Ba a jima ba wata gayyatar ta zo, aka tura mai gadi. Ya dawo yana yaba shayin. Matar Ɗan Bita tana nan a gidan, ta shanya kayan yara a kan katakan rijiya. Da muka fito daga gaishe ta shekaranjiya muka bi ta bayan katanga. Kore ake yi.