Nauyin Batir a Hannun Kawu

Kawuna kafinta ne, ƙanin mahaifiyata, kuma a layin da shagonsa yake ba mai kiransa da sunan yanka. Sikeli ake ce masa. Da na dawo gida bayan shekara tara ina karatu a nesa, na tarar sunan ya zauna daram, har matarsa idan ranta ya ɓaci da shi take kiransa.

Batir ne ya jawo masa sunan. A shekarun da ba na nan, masu aikin hannu sun koma amfani da injina marasa waya: na huda katako, na ɗaure sukuru, na yankan ƙarfe. Injin yakan daɗe, batirin ne ke riga shi mutuwa. A kasuwa kuwa batir iri biyu ne. Akwai na kamfanin da ya ƙera injin, wanda a layin ake kira ɗan asali, akwai kuma na kwaikwayo, ɗan kama. Launinsu ɗaya, rubutunsu ɗaya, wani lokaci kwalin ɗan kama ya fi kyau.

Kawu ba ya karanta kwali. Idan an kawo masa batir, sai ya goge hannunsa na hagu a jikin riga, ya ɗora shi a tafi, ya ɗaga sau uku yana kallon rufin shago. Idan ya ce, "Wannan ya ci ya ƙoshi," mutum ya saya. Idan ya ce, "Wannan da yunwa ya kwana," mutum ya mayar. Ba ya karɓar komai, kuma ba ya maimaita magana.

Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce ɗan asali 'ya'ya goma ne a cikinsa, ƙananan batura jere kamar yatsu, kowanne cike. Ɗan kama kuwa rage masa ake yi, shi ya sa ba ya nauyi.

"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya," in ji shi. "A batir ma haka ne."

Wata rana na zo da ƙaramin sikelin kicin, irin mai nuna lamba, na gwada batura shida da ya riga ya yanke wa hukunci. Duka shidan ya yi daidai. Ya dubi sikelin, ya kifa shi ya duba bayansa.

"Bature, wannan abin naka ma batir yake ci. Shi wa ya auna masa nasa?"

Shekara bakwai ke nan yana wannan aiki ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Kabad ɗinsa ba su fi na kowa kyau ba, shi ma ya sani. Abin da yake da shi a layin nan maganarsa ce.

Sai mijin 'yarsa ta fari ya buɗe shagon kayan aiki a bakin layi. Mutum ne mai kunya, idan yana gaban Kawu ba ya sanin inda zai ajiye hannunsa. Ranar da kayansa suka iso, ya ɗauko batir ɗaya ya kawo.

"Baba, ga shi a sa albarka. Mai kayan ya ce ɗan asali ne."

Mai Walda yana zaune a kan benci a lokacin. Abokin Kawu ne tun suna samari, shagonsa na kallon na Kawu, kuma rabin zamansu tsiya ce. Kawu ya goge hannu, ya ɗaga sau uku.

"Ya ci ya ƙoshi."

Kafin yamma Mai Walda ya sayi biyu. Wasu mutum biyar a layin suka bi sahunsa.

Bayan kwana shida Mai Walda ya shigo da hantsi, ya ajiye baturan biyu a kan teburin aiki, a tsakiyar garin katako. Ya ce ya je kafa ƙofar ƙarfe a hawa na uku na wani gini da ba a kai wa wuta ba. Batir na farko ya mutu bayan huda shida. Na biyu ya kai bakwai. Ya baro ƙofar a jingine, mai gidan yana tsaye yana kallonsa.

"Ni ban ce komai ba, Sikeli," in ji shi. "Mutane ne ke cewa tun da ka yi suruki mai shago hannunka ya ƙara nauyi."

"Su wane ne mutanen?"

"Ni ne dai. Amma an fara taya ni."

Kawu ya sake ɗora batirin a tafinsa. Ya ɗaga sau uku, ya ƙara na huɗu, abin da ban taɓa gani ba. Nauyin yana nan yadda ya kamata.

Da rana muna cin abinci a gida, matarsa ta kawo shawara. Ta ce cajar Mai Walda ta girmi auren 'yarta, kowa ya san haka. Shawararta ita ce Kawu ya ce caja ce ta lalata baturan, magana ta ƙare, ba a taɓa shi ba, ba a taɓa surukin ba.

"Za su yarda," in ji ta. "Kai ne Sikeli."

"Shi ya sa," in ji Kawu, ya ci gaba da cin abincinsa.

Na fahimci inda ya tsaya. Idan ya yi shiru, an ɗauke shi wanda ya san gaskiya ya ɓoye don suruki. Idan ya ɗora wa yaron, ya san a gidan 'yarsa maganar za ta kwana. Idan kuma ya ce hannunsa ne ya yi kuskure, to shekara bakwai sun tafi.

Washegari da safe ya aika aka kira Mai Walda da surukin da sauran waɗanda suka saya. Ya share teburin tas, ya shimfiɗa farar takarda. Ya ɗauki ɗaya daga cikin baturan Mai Walda, ya kwance sukuru huɗu na bayansa, ya ɗaga murfin. 'Ya'ya goma ne cif, a jere. Surukin ya yi ajiyar zuciya.

Kawu bai ɗago ba. Ya sa tsinin fensir yana bin siririn ƙarfen da ya haɗa su. Biyar a haɗe suke. Biyar kuwa suna zaune ne kawai, ba abin da ya taɓa su, kamar baƙi a gidan da ba a san su ba. Ya zaro ɗaya daga cikin baƙin, ya kai kunne ya girgiza. Ya ɗauko zarto ya yanke masa kai, ya kifa shi a kan takardar.

Yashi ya zubo. Mai laushi, tankaɗaɗɗe.

Mai Walda ya sa yatsa ya murza.

"Yashin mai kyau ne," in ji shi. "Zai yi filasta."

Surukin ya fara cewa wallahi bai sani ba. Kawu ya ɗaga masa hannu.

"Ba wanda ya ce ka sani. Kai kwali ka karanta, ba ka yi wa kowa alkawarin hannu ba. Ni na ce ya ƙoshi. Ya kuwa ƙoshi, ban dai tambayi abin da ya ci ba." Ya dubi sauran. "Masu yin abin nan sun gane ana aunawa. Hannuna ya daina aiki daga yau, kowa ya ji."

Surukin ya karɓi baturan duka ya mayar wa wanda ya kawo masa. Mai Walda ya ba da shawarar a sauya wa Kawu suna zuwa Yashi. An gwada kwana biyu, bai kama ba.

Yanzu akwai wani kakkauran katako jingine a bayan ƙofar shagon, jikinsa duk ramuka. Wanda ya kawo batir, Kawu zai caja shi ya cika, ya sa a injinsa, ya yi ta ɗaure sukuru yana kwancewa har batirin ya mutu, yana jan layi da fensir a bango. Aikin yakan ci fiye da awa ɗaya, saboda haka masu zuwa sun ragu sosai. Masu gaggawa sun koma karanta kwali.

Mai Walda yana cikin waɗanda suka rage. Makon jiya ya kawo sabon batir. Kawu ya goge hannu a riga, ya ɗora a tafi, ya ɗaga sau uku, don hannu ba ya mantuwa.

"To?" in ji Mai Walda.

"Yana da nauyi," in ji Kawu. "Zauna, miƙo mini katakon."