Ranar da Na Gyara wa Kawuna Goge

Shekarun baya can, kafin a ba mu mulkin kai, na dawo Azare daga makarantar horon malamai kaina ya kumbura. A aljihuna akwai wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu da Baturen da ya koya mana waƙa ya ba ni. In ka buga shi a gwiwa, sai ya fitar da sauti guda da ake kira "A". An ce mana yana karkarwa sau ɗari huɗu da arba'in a daƙiƙa ɗaya, kuma duk yadda karkarwar ta ƙaru, sautin sai ya ƙara hawa sama. Na haddace wannan kamar karatun allo, ina neman wanda zan burge.

Kawuna mai goge ne, da kiɗan yake ci da iyalinsa. Wata rana aka gayyace shi biki a Disina, na bi shi. Da la'asar mutane sun taru, yana shafa ƙaro a izgar gogensa, sai na fito da ƙarfena, na buga, na kara a kunne, na taɓa tsirkiyarsa.

Na ce da ƙarfi, "Kawu, gogenka ya yi ƙasa. Bai kai A ba."

Ya dube ni, ya dubi jama'a, ya ce, "To, Malam, gyara mana."

Na yi ta tamke tsirkiyar har sautinta ya yi daidai da na ƙarfen. Ina jin ana cewa boko ya yi rana, ni kuwa sai murmushi nake yi.

Kawu ya fara kiɗa da waƙa lafiya. Da ya zo inda waƙar ke hawa, muryarsa ta tsinke. Ya sake gwadawa, ta sake tsinkewa, sai tari. Samari suka fashe da dariya, wani ya ce tsoho ya ƙare. Uban ango ya sa aka kira mai kalangu ya ƙarasa bikin.

A hanyar komawa na yi ta zuba, wai sanyi ne ya kama shi. Ya ce, "Ba sanyi ba ne, ɗana. Shekara biyar ke nan muryata na sauka, ni kuma ina sassauta tsirkiyar kaɗan-kaɗan tana bin ta. Ba wanda ya gane sai yau."

Na ce, "To me ya sa ka bar ni na taɓa?"

Ya ce, "A gaban mutane ka yi maganar. Da na hana ka, kai za a yi wa dariya."

Daga wannan bikin gayyata ta ja baya, kafin shekara ya koma noma gaba ɗaya. Lissafin da aka koya mini daidai ne, har gobe ina koyar da shi in an tambaye ni. Amma ban taɓa tambayarsa dalilin da ya sa gogensa ke ƙasa ba kafin in sa hannu. Yanzu na wuce shekarunsa na wancan lokaci, kuma kunyar ba ta ragu ba. Har ya rasu bai sake tayar mini da maganar ba, ni ma ban iya buɗe baki na ce ya yafe mini ba.